Idan Ceto Kyauta Ne, Wa Muke Yi wa Aiki?



Akwai tambayar da ba ta tsufa a zumuntarmu. Kowace shekara sabbin yara sukan fito daga ajin baftisma, su shigo cikinmu, su sake yin ta: idan ta wurin alheri aka cece mu, ba mu biya ko kwabo ba, me ya sa fasto da dattawa suke damunmu da maganar ayyuka nagari? Wani kuma ya juya ta: idan a ƙarshe za a duba ayyukanmu, to ina kyautar take? Muna ganin amsar tana da sauƙin faɗi, wuyarta a wajen zama da ita ne, musamman ga mu da muke zaune a wannan gefen kogi.

Mu fara da kalmar kanta. A Hausa "alheri" yana da fuska biyu. Shi ne abin da Allah ya yi mana cikin Kristi, shi ne kuma abin da muke yi wa maƙwabci idan muka kai masa tuwo yana jinya. Karin maganarmu duk a fuska ta biyu suke: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, alheri gadon barci ne. Ma'ana, yi alheri, zai dawo maka. Gaskiya ne a zaman duniya. Amma idan muka ɗauki wannan lissafi muka kai shi gaban Allah, sai mu fara tunanin cewa Allah ma yana yi mana alheri ne domin ya ga wani abu a wurinmu da zai dawo masa. Bishara ta rushe wannan. A Romawa sura 5 manzo Bulus ya nuna cewa lokacin da Kristi ya mutu dominmu, muna cikin zunubi ne tsundum, muna gāba da Allah. Ba a yi alherin ga mai iya rama shi ba.

Haka kalmar "lada". Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Malali zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba za ka wuni ba ka ji "Allah ya ba da lada" ba, mu ma muna faɗinta, kuma ba laifi. Littafi Mai Tsarki ya yi maganar lada, a Matta 6 da 1 Korintiyawa 3. Sai dai a nan ne ƙafar da yawa take zamewa. Matashi ya buɗe littafin lissafi a zuciyarsa: na je addu'ar dare, na yi azumin kwana uku, na fitar da zakka daga ɗan abin da na samu, ban taɓa fashin gwajin waƙa ba, saboda haka Allah yana riƙe da bashina. Ran da sakamakon JAMB ya fito ba yadda ya so ba, ko aikin da ya nema aka ba wani, sai ya yi fushi kamar wanda aka hana albashi. Wannan fushin babban ɗa ne a misalin Luka 15, wanda ya zauna gidan ubansa shekara da shekaru yana ɗaukar kansa bawa.

A gefe kuma, kada wani ya karanta wannan ya tafi ya ce wa abokinsa Musulmi, "Ku aiki kawai kuka sani." Malamansu ma suna koyar da cewa ba mai shiga Aljanna sai da rahamar Allah. Bambancin da ke tsakaninmu da su yana kan gicciye ne: mu mun gaskata cewa Allah ya nuna jinƙansa a wuri guda, cikin mutuwa da tashin Yesu, kuma an gama biyan bashin a can. Idan za mu yi magana da su, mu yi ta a kan wannan, cikin ladabi.

Ku je tsohuwar Panteka ku duba. A rumfar maƙeri ɗaya za ka ga yara biyu suna bugun ƙarfe, gumi iri ɗaya, baƙin hannu iri ɗaya. Ɗaya ɗan koyo ne da aka kawo: yana aiki da tsoro, domin in ya ɓata kayan mutane sau biyu za a iya sallamarsa. Ɗayan ɗan maigidan ne. Shi ma ana yi masa faɗa, wataƙila ma fiye, amma bugun gudumarsa bai sa ya zama ɗa ba, kuma ɓata kwano ba zai cire shi daga gidan ba. Yana aiki domin rumfar tasu ce. Abin da Afisawa 2:8-10 ke koyarwa ke nan. Aya ta 8 da ta 9 sun ce ceto baiwa ce, bangaskiya ita ce hannun da ke karɓa, ba a kuma bar wa kowa wurin fahariya ba. Yawancinmu mun haddace su tun makarantar Lahadi. Aya ta 10 ita ce ake mantawa, inda Bulus ya ci gaba ya ce an sake halittarmu ne domin mu yi ayyukan da Allah ya riga ya shirya mana. Numfashi ɗaya ya faɗi duka ukun.

To Yakubu fa? A nan ne muhawararmu takan yi zafi, wani ya buɗe Romawa 4, wani ya buɗe Yakubu 2, kamar manzannin biyu suna dambe. Abin lura shi ne dukansu Ibrahim suka kawo shaida, amma a lokuta daban na rayuwarsa. Bulus ya tsaya a Farawa 15, daren da Allah ya nuna wa tsoho marar ɗa taurari, ya gaskata, aka karɓe shi a matsayin mai adalci. A lokacin ba a yi masa kaciya ba, wannan sai a sura 17. Yakubu kuwa ya kai mu Farawa 22, shekaru da yawa bayan haka, inda Ibrahim ya hau dutse da Ishaku. Bangaskiyar daren taurari ce ta fito fili a kan dutsen. Cutar da kowannensu yake magani ma daban ce. Bulus yana fama da masu cewa sai an ƙara kaciya da shari'ar Musa a kan Kristi. Yakubu yana fama da ikilisiyar da take ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, ta ce wa matalauci ya tsaya can, ta sallami mai yunwa da fatan alheri na baki. Ya tuna musu cewa aljanu ma sun san Allah ɗaya ne. Idan aka ce an kawo wuta a unguwa amma ba ƙwai ko ɗaya da ya kama, mu 'yan Kaduna mun san abin da za mu ce. Ƙwan ba shi ke samar da wutar ba, amma shi ke nuna ta zo.

Ikilisiya ta daɗe tana wannan gardama. A 1517 Martin Luther ya tashi a Wittenberg ta ƙasar Jamus domin ana sayar wa talakawa takardun sassaucin hukunci da kuɗi. Shekara 482 bayan haka, ranar 31 ga Oktoba 1999, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a Augsburg a kan cewa ta wurin alheri kaɗai ake karɓarmu, cikin bangaskiya ga aikin Kristi, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke kiranmu ga ayyuka nagari. Ba duk saɓani ne ya ƙare ba, amma ya isa ya hana mu yi wa 'yan'uwanmu Katolika ba'a. Abin da ya fi kamata ya dame mu shi ne cinikin da ya dawo a zamaninmu da sabuwar riga: shuka iri na dubu kaza, ka girbe biza ko miji ko mota. Wanda ya ce maka Allah yana da farashi, a ganinmu kasuwar 1517 ya sake buɗewa, ko da bai taɓa jin labarinta ba.

Yanzu ga inda maganar ta zo ƙofar gidanmu. Idan ayyukanmu ba kuɗin ceto ba ne, kuma Allah ba ya jin yunwa, ba ya kwance a asibiti, to wa muke yi wa aikin? Maƙwabci. Shi ne yake bukata. Kuma a arewacin kogin Kaduna, maƙwabcinmu mafi yawan lokaci Musulmi ne.

Da yawa cikinmu ba a haife su ba lokacin rikicin Shari'a na Fabrairu 2000, wasu suna goye a rikicin Nuwamba 2002. Amma duk mun girma cikin abin da suka bari. Iyalai Kirista da yawa suka tattara suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha, Narayi, Television, Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi da yawa kuma suka baro can suka dawo nan. Garin ya rabu. Akwai masu sujada tare da mu da sai sun hau mota biyu ranar Lahadi kafin su iso majami'ar da aka yi musu baftisma. Sai kuma 2012: bam ranar Ista, sannan ranar 28 ga Oktoba ɗan ƙunar baƙin wake ya afka wa cocin St. Rita da ke Malali ana tsakiyar sujada. Ba wanda zai ce wa iyayenmu tsoronsu ba shi da dalili.

Amma akwai wata rana a shekarar da ba mu cika son tunawa ba. Ranar 17 ga Yuni 2012 aka kai hari kan majami'u biyu a Zariya da ɗaya a Kaduna. Kafin rana ta faɗi, matasa suka tare hanya a kudancin gari, suka kashe mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, don kawai Musulmi ne. Waɗanda suka yi wannan, da yawansu sunayen Littafi Mai Tsarki gare su, ba mamaki wasunsu sun iya karanta Afisawa 2:8 da ka. Wannan ita ce matacciyar bangaskiyar da Yakubu yake magana a kai. Mutumin da ya gane cewa an yafe masa yana maƙiyin Allah, hannunsa zai yi nauyi wajen ɗaukar adda a kan wanda ya ɗauka maƙiyi.

Shi ya sa labarin Fasto James Wuye yake da amfani gare mu. Shugaban matasan Kirista ne a nan Kaduna, ya yi faɗa, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a garin nan, suna cikin waɗanda suka tsaya aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agusta 2002. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta. Mai lissafin lada zai ce aikin ya faɗi ƙasa banza. Ba su daina ba. Fasto Wuye bai bar Kristi ba, Imam Ashafa bai bar Musulunci ba, kuma hannun bai tsiro ba.

Wani zai ce, to ai ayyuka nagari hanyar bishara ce, mu yi musu alheri domin su tuba. A nan muna so mu yi hankali. Muna marmarin kowa ya san Yesu, ba ma ɓoye wannan, kuma in an tambaye mu dalilin begenmu za mu faɗa. Amma alherin da aka yi shi kamar tsutsa a bakin ƙugiya, mutane suna ganewa. Mai shagon da ke kusa da ku ba yaro ba ne. Idan ka daina gaishe shi bayan ya ƙi zuwa taron da ka gayyace shi, ya san tun farko abin da kake nema. A Luka 17 Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya dawo godiya, bai kuwa mayar wa taran kuturtarsu ba. A Matta 25 ma, waɗanda aka yaba musu don ciyar da mayunwata da ziyartar 'yan kurkuku mamaki suka yi, ba su tuna yaushe suka yi ba. Ba su riƙe littafi ba.

Ga wanda kuma yake karanta wannan da nauyin zuciya, yana ganin ya yi nisa ƙwarai, ba abin kirkin da zai nuna: mai laifin da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23 ba shi da sauran lokaci ko na baiko ɗaya. Hannuwansa a kafe suke. Ya roƙa, aka karɓe shi a ranar. Zakka na Yariko kuma yana da lokaci da dukiya, sai ya raba rabi ga matalauta, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga waɗanda ya cuta, amma bayan Yesu ya riga ya kira sunansa ya ce zai sauka a gidansa. Mu da muke da rai da ƙafa, kamar Zakka muke.

Saboda haka ga shawararmu ga shugabannin zumunta. Idan za mu kai ziyara asibitin Barau Dikko ko gidan yarin da ke Independence Way, mu daina tambayar ma'aikata su nuna mana gadajen Kirista. Mu bi ɗakin daga gado na farko zuwa na ƙarshe, sabulu da lemo iri ɗaya ga kowa. Wanda ya yarda a yi masa addu'a, a yi. Wanda bai so ba, a yi masa sannu, a wuce. Wayoyi su zauna a aljihu, domin mara lafiya ba ya bukatar fuskarsa a Facebook tare da sunan zumuntarmu. Waɗanda suka iya lissafi da Turanci su buɗe darasin yamma ga yaran layinsu masu shirin WAEC, a ƙofar gida inda iyayen za su iya gani, ba tare da sharaɗin zuwa coci ba. Idan an yi rasuwa a gidan maƙwabci, samarinmu su je su zauna a tabarma, 'yan matanmu su shiga ciki wurin mata, kamar yadda iyayenmu suke yi kafin 2000.