Gawayin Da Ya Kusa Kashe Mana Yarinya A Utaiƙa

Wasiƙar yau ta faɗa ce, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe 3, ihun maƙwabciyata ya tashe ni. Na tarar da mijinta a kwance yana amai, 'yarsu mai shekara 4 kuwa ta yi laƙwas kamar tsumma. Ga kaskon gawayi a tsakar ɗaki, an toshe ƙasan ƙofa da bargo, taga kuma a liƙe da kwali. Na buɗe ko'ina, muka fito da su waje. Da na ɗauko waya zan kira 997, lambar motar asibiti, sai wani dattijo ya riƙe mini hannu: "Ɗana, iƙamar maigidan ta mutu, kar ka jawo masa." Wata na neman madara, wani na cewa iska ce ta taɓa su. Na fizge hannuna na kira. Alhamdu lillahi duk sun rayu.

Da gari ya waye, kowa ya buɗe baki sai "ƙaddara ce". To ni ban yarda a jingina sakacinmu ga ƙaddara ba. Shin ba Manzon Allah (SAW) ne ya hore mu da kashe wuta kafin barci ba? Ko don muna sanyin Riyad ne hukuncin ya canza?

Na san sanyin nan ba wasa ba ne. A watan Janairu iskar hamada har ƙashi take shiga, hunturun Kano bai kama ƙafarta ba, kuma mai dakon kaya a kasuwar Utaiƙa ba kullum yake da kuɗin hita ba. Amma a gida, ɗakunanmu na ƙasa iska na ratsa su ta ko'ina. Nan kuwa akwatin siminti ne. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monokzayid, ba launi, ba wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Don garwashi ya yi ja ya daina hayaƙi, ba ya nufin ya daina kisa. Madara kuma ba ta yi mata komai; iska ce magani, sai asibiti.

Maganar iƙama ce ta fi ƙona mini rai. Mu ƙaddara an kama shi an saka shi a jirgi zuwa Kano. Ba gara ya sauka da 'yarsa a hannu tana numfashi ba?

Ku ajiye 997 a waya, da 998 ta 'yan kwana-kwana. Ni dai na shaida wa mutanen gidanmu: duk kaskon da na gani a ɗaki bayan Isha'i, ruwa zan sheƙa masa, in ya so gobe a kai ƙarata wajen dattawa.