Ra'ayinmu: Labarin fim ma ya cancanci zama littafi

A Maijirgi, kusa da Tasawa, ta'asar sojojin Voulet da Chanoine ta ƙare a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin a littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Sembene Usman na Senegal kuwa da fim ya fara: ya fitar da Guelwaar a 1992, littafinsa ya biyo a 1996.

Ya kamata matasan Tasawa da Mayahi da rashin jari ya hana labaransu zama fim su bi sahun Sembene, su mayar da su littattafan Hausa. Sai dai kwafe hirar 'yan wasa ba ya isa; abin da kyamara za ta nuna, da abin da ke cikin zuciya, alƙalami ne zai faɗa. In ba haka ba, labaran za su mutu a aljihun tebur.