Dala 10 a Minti 20: Abin da Masu Bidiyon Ba Sa Faɗa Maka Kan Gwajin Manhaja

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: matashi ya ɗaga waya yana nuna alat, yana rantsuwa cewa kamfanonin Turawa na biyan dala 10 don kawai ka daddanna manhajarsu na minti 20 kana surutu. Kai da ke zaune a Yelwa ko Wara ko Shanga, nan take ka buga lissafi: dala 10 ta haura Naira 10,000, ba lodin albasa, ba jan koma a tafki, ba rana. Wa zai ƙi?

To, aikin dai akwai shi, ba ƙarya ba ne. Kamfanoni irin su UserTesting na Amurka, da Userlytics, da Trymata, sana'arsu ke nan. Mai manhaja ko shafin intanet yana son ya ga inda mutane ke ruɗewa kafin ya saki kayansa kasuwa, sai ya rubuta ayyuka: nemo takalmi mai lamba kaza, saka shi a kwando, gwada biya. Kai kuma ka yi su a wayarka ko kwamfutarka, ana naɗar allonka da muryarka, wani lokaci har da fuskarka, kana faɗin duk abin da ya zo ranka. Babu wanda ke tare da kai a lokacin. Daga baya ne wani zai zauna a ofishinsa ya kalli bidiyon. Wannan rashin mai sa idon shi ya sa abin ya yi wa kamfani araha, kuma shi ne ya sa nauyinsa ya dawo kanka.

Tun daga bakin ƙofa ake fara wahalar. Kafin kowane gwaji akwai tambayoyin tacewa: wace ƙasa kake, shekarunka nawa, nawa kake samu, ka sayi kaya ta intanet kwanan nan? Ba a biyan ko kwabo a kansu. Amsa ɗaya ta saɓa da irin mutumin da suke nema, sai a ce an gode, ba kai ake buƙata ba, kuma ba a faɗa maka dalili. Yawancin masu ba da aikin kwastomominsu na Amurka da Turai suke nema, don haka ɗan Ngaski zai iya shafe mako yana amsa tambayoyi, datarsa na ƙonewa, bai samu gwaji ko ɗaya ba. Masu bidiyon alat ba sa nuna wannan makon.

A ce ka dace an ɗauke ka. Ka'idar aikin ita ce manhajar ake gwadawa, ba kai ba. Idan ka kasa gano inda za ka danna, laifin wanda ya tsara ta ne, kuma ainihin abin da aka biya kuɗi a gani ke nan. A gwajin da ake yi ido da ido, mai binciken yakan maimaita maka haka, ya ce kwantar da hankalinka, ya sake bayani idan tambaya ta shige maka duhu. Nan kuwa kai kaɗai ne da agogo. Umarni na uku ya zo da wani irin Turanci mai harshen damo, ba wanda za ka ce wa "me kake nufi?" Sai zufa ta fara keto maka, ka fara ba waya haƙuri kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Ga shi ana so ka riƙa magana ba tsayawa, da Turanci, alhali tunaninka da Hausa yake zuwa, wani ma da Gunganci ko Kambarci. Gwada ka gani: ka tura kuɗi a wayarka kana fassara kowane motsin yatsanka da baki. Minti biyu ma aiki ne.

Sannan suna son ɗaki shiru. A gidan gandu! Akuya na kuka, ana daka, ƙaninka ya leƙo yana neman caja, ga janareton maƙwabci.

Wanda ya fi ciwo shi ne na ƙarshe. Ka gama, sai bidiyon ya hau kafin a ƙirga maka aiki. Duk wanda ya san yadda sabis ke wasan ɓuya a garuruwan bakin tafki ya san abin da nake nufi: ya kai kashi 80 ya tsaya cak, batiri na ja. Abin haushin, madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda ta tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu, tana nan kusa tana tura wuta nesa, kai kuma kana layi wurin mai caji. Idan bidiyon bai hau ba, a wurinsu ba ka yi komai ba. Idan ya hau, mai aikin zai ba ka maki, kuma makin ne ke yanke ko za a ƙara turo maka wani. Ka ga an juya maganar ke nan: an ce ba kai ake gwadawa ba, amma kai ake ba maki. Shi ya sa tsofaffin hannu ke koyon faɗin abin da zai yi wa mai aiki daɗi, "kai, wannan tsari ya yi kyau", ko da ya ba su ciwon kai.

Kuɗin kuma galibi ta PayPal ake biya, bayan kwanaki. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma ya shafe shekaru sai dai ka biya da shi, ba ka karɓa. Daga nan aka samu al'adar aron asusun wani a waje, da kunna VPN a ce ana Landan. Gaskiya ban ga riba a nan ba. Ranar da suka gano, su rufe asusun da kuɗinka a ciki, kuma ba ka da bakin kai ƙara tunda da ƙarya ka shiga.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, ke ma 'yar'uwa ki buɗe. Naɗar allo ba ta zaɓe. Saƙon WhatsApp da ya faɗo daga sama, alat na banki da ragowar kuɗinka, lambar sirrin da banki ya turo, hoton da ke cikin waya idan ka kuskure ka buɗe, duk sun shiga bidiyo, bidiyon kuma ya tafi hannun mutanen da ba ka san su ba. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar da ke kula da ita, amma bin kamfanin da ke wata nahiya daga Shanga ba ƙaramin aiki ba ne. Kashe sanarwa kafin ka fara. Kada ka shiga asusun bankinka na gaske don wani gwaji. Duk wanda ya nemi BVN ko NIN ɗinka, ko ya ce sai ka saka kuɗi kafin a buɗe maka "babban mataki", ba gwaji yake ba, kai yake farauta. Kamfanonin gaske ba sa karɓar kuɗin rajista. Wanda ya ga yadda CBEX ta rufta da kuɗin mutane a Afrilun 2025 bai kamata a sake yi masa wannan wasan da sabon suna ba.

Akwai kuma asarar da ta fi ta dala 10, ita ce ta sa na ɗauko maganar. Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya rubuta a shekarar 2000 cewa mutum 5 sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja, da sharaɗin su kasance irin mutanen da za su yi amfani da ita. To su wa ake tambaya? Masu wuta, masu sabis mai ƙarfi, masu Turanci a baki. Tacewar da ta fitar da kai ita ce ta fitar da mai kifi a kasuwar Yauri, da mai kwalekwale da jiƙaƙƙen hannu, da dattijuwar da saƙon murya kawai ta iya. Mun ga sakamakon a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun Naira, da manhajojin bankuna suka riƙa shaƙewa, jama'a suka yi ta komawa OPay da Moniepoint da PalmPay saboda kuɗi na tafiya. Ruɗewar da kake jin kunyarta a gaban waya, ita ce bayanin da masu tsara manhaja suka fi rashi.

Saboda haka idan kana cikin masu koyon haɗa manhaja a Kebbi, kada ka kwaikwayi wannan tsarin na tura mahaɗi ka koma gefe kana jira. Ranar kasuwa ka sauka bakin ruwa da wayarka, ka nemi izinin mutum 5, ka miƙa musu ɗaya bayan ɗaya, ka ce su tura wa wani Naira 500 ta gwaji, su yi bayani da harshen da suka ga dama. Ka zauna kusa, ka riƙe hannunka kada ka nuna musu inda za su danna, sannan ka biya su kuɗin lokacinsu a take, ko sun gama ko ba su gama ba.