Sojan Ƙanƙara da Tufafinsa

Mutane da yawa sun ɗauka maganin sanyi shi ne babban kabido mai kauri, in an sami wanda ya fi bargo nauyi shi ke nan. Mu dai ba mu yarda da wannan ba, kuma abin da ya sami mayaƙan Amurka a Koriya ta Arewa ya isa shaida.

Cikin Nuwamba da Disamba na 1950 suka gwabza da sojan Sin a duwatsun da ke kewaye da tafkin Cosin. Sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, wani dare har ya zarce. An ba su takalma masu ƙasan roba don kada ruwa ya shiga. Ruwa kam bai shiga ba, amma gumi ma bai sami hanyar fita ba. Soja ya yini yana hawan dutse, safa ta jiƙe sharkaf. Da ya tsaya gadi sai gumin nan ya daskare a yatsunsa. A runduna ɗaya tak an lasafta mutum fiye da 7,000 da suka kasa ba tare da harsashi ya taɓa su ba, yawancinsu sanyi ne ya ci musu ƙafa ko hannu. Na Sin kuwa, da takalmansu na zane, abin nasu ya fi muni.

Dalilin ba boyayye ba ne, malaman makaranta sun san shi. Tufa ba ta da ɗumin kanta. Iskar da ta tsare kusa da jiki ita ce ke riƙe zafi, ruwa kuwa ya fi iska saurin janye zafin jiki wajen sau 25. Sabo da haka riguna marasa kauri, wata bisa wata, sun fi guda ɗaya mai kauri. Ta ciki aikinta ta janye gumi daga fata, shi ya sa ba a yin ta da auduga, don auduga in ta sha ruwa ba ta saki. Ta tsakiya, ta ulu ko makamancinsa, ita ke tsare ɗumi. Ta waje ta tare iska da ruwa. In tafiya ta yi zafi a tuɓe ɗaya, in an zauna a mayar.

A kan wannan ne sojan Amurka ya tsara kayan sanyinsa cikin shekarun 1980, daga baya aka kai su hawa bakwai. Ba wai a jibga bakwai ɗin gaba ɗaya ba. Zaɓa a ke yi gwargwadon aiki da yanayin ranar.

To, a nan ne mu ke ganin nauyin ya koma kan shugabanni. Kaya bakwai ga kowane mutum, kowanne da awonsa, ba ƙaramin aiki ba ne ga mai sito, kuma duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kaya ya san yadda abu ɗaya ke ɓata lissafi. Jamus ta shiga Rasha cikin Yuni 1941 da zaton za a gama kafin ɗari. Da Disamba ta yi, sai ga hukuma tana roƙon mutanen gari su ba da rigunan sanyinsu a aika wa soja a bakin Masko.

Ko kayan sun iso ma, da sauran magana. Yaron da ke rawar ɗari da asuba ba zai tuɓe rigarsa don kansa ba, alhali kuwa lalle ne ya fara tafiya yana ɗan jin sanyi, in ba haka ba ya jiƙe kafin a ci mil guda. Sai saje ya tsaya a kansa. Haka kuma sai hafsa ya bi mutanensa ɗaya ɗaya da maraice, ya sa kowa ya cire takalmi, ya duba yatsu da idonsa, ya tabbata an sake safa, an cusa jiƙaƙƙiyar cikin riga ta bushe da ɗumin jiki kafin gari ya waye.