GEM: ƘWALLON DA BA GUMI, GONAR DA BA HATSI

Akwai wata hira da ta yi yawa a bakin matasanmu, har ta soma kutsowa cikin zaman 'yan'uwa bayan an tashi daga ta'alimi, wato hirar gem. Waɗanda suka ɗan manyanta sai ka ji suna tuna zamanin Winning Eleven a kan PlayStation, lokacin da ake cunkushewa a ɗan shago ana jiran layi, janareto na ruri a ƙofa. Su tuna yadda kowa ke rububin ɗaukar Nijeriya saboda Tijani Babangida, ɗan Kaduna, wanda in ya ɗauki ƙwallo a gem ɗin ba mai kamo shi, da yadda ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba don ƙarfin bugunsa. Na bayansu kuma musunsu shi ne tsakanin FIFA da PES wanne ya fi. Sannan ga wasu da suke cewa su sun bar ƙwallo, sun koma gem na noma da gina gida, domin wai shi ba hayaniya, yana kwantar da rai.

Ya ɗan'uwa, tun farko bari mu kawar da wani zargi. Ba mu ce Musulunci ya haramta wasa ba. Manzon Allah (S) ya yi tsere da iyalinsa, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma Habashawa sun yi wasan masu a cikin masallacinsa yana kallo. Ba kuma mu musanta cewa waɗanda suka yi wancan zamani sun ji daɗi ba. Abin da muke cewa shi ne, abin da kuke tunawa da shi daban, abin da yake hannun ƙannenku yau daban, kuma da wannan tunanin naku ne ake yi muku tarko. Don haka a tsaya a dubi abin da gem ya zama, da wanda ya mallake shi, da abin da yake karɓa daga hannunmu.

DAGA KASET ZUWA CACA

Kamfanin Electronic Arts na Amurka, wanda aka fi sani da EA, ya fitar da FIFA na farko a 1993. Kamfanin Konami na Japan ya fito da Winning Eleven a 1995, wanda daga baya aka san shi da PES. A wancan lokaci ciniki a fili yake: ka sayi kaset ko faifai sau ɗaya, duk abin da ke ciki ya zama naka. To amma 'yan jari-hujja ba sa ƙoshi. A 2009 EA suka shigo da wani sashe da suka kira Ultimate Team, kuma daga nan ne labari ya sauya.

Ga yadda abin yake. Ana so ka haɗa ƙungiyarka da katunan 'yan wasa. Katunan suna zuwa ne a cikin ƙunshi a rufe. Kana iya tara sulallan cikin gem da doguwar wahala, ko kuwa ka sa kuɗinka na gaske ka sayi maki, ka buɗe ƙunshin nan take. Ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Mai yiwuwa ka dace da babban ɗan wasa, amma galibi tarkace za ka kwasa, sai zuciya ta ce maka ƙara ɗaya, wataƙila na gaba ne. Idan shekara ta zagayo aka fitar da sabon gem, duk katunan da ka tara ba sa bin ka, sai ka sake daga tushe. Don Allah mene ne sunan ka ba da kuɗi tabbas a kan abin da sa'a ce kawai za ta nuna maka? Da Hausa sunansa caca, da Larabci maisir, kuma Allah Ta'ala Ya jera shi tare da giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, Ya kuma bayyana a ayar da ke biye cewa Shaiɗan yana amfani da su ne wajen jefa gaba a tsakanin mutane da kange su daga ambaton Allah da sallah.

Kada wani ya ce tsananin malamai ne. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan ƙunshin caca ne a ƙarƙashin dokarsu, har a farkon 2019 EA suka daina sayar da makin a ƙasar. Subhanallah! Wanda ba ya karanta Ma'ida ya gane caca ce, sai ɗan Musulmi ne zai tsaya yana cewa ai wasa ne kawai? Kuma kamfanin da kansa ya bayyana wa masu hannun jarinsa cewa a shekarar kuɗinsa ta 2021 wannan sashe kaɗai ya kawo masa dala biliyan 1.62, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da ya samu, mafi yawa daga gem ɗin ƙwallon ƙafa. A 2023 suka sauya suna zuwa EA Sports FC bayan sun raba gari da hukumar FIFA, amma ƙunshin yana nan daram. An sauya wa tuwo suna ne kawai.

Wani zai ce, ni ai ba ni da katin banki, a gidan gem na unguwa nake bugawa. To kai ma tsaya. Wace ƙa'ida ce ta fi yawa a waɗannan shaguna? Wanda aka ci shi zai biya. Ku biyu kun zauna, kowannenku ya shiga a kan ko ya sha a banza ko ya biya na mutum biyu. Wannan ita ce surar caca, ko da kuɗin bai kai na kofin shayi ba. Daga nan ake matsawa a aza kuɗi a ƙasa, 'yan kallo su ma su aza. Daga nan kuma taki kaɗan ne zuwa shagon cacar ƙwallo, wanda sau da yawa a layi ɗaya suke. Yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen tun yana shekara goma, ya san wa ke ci wa ba ya ci, ai an riga an yi masa share fage, ranar da ya riƙe kuɗi ya san inda zai kai su. Zagin iyaye da faɗace-faɗacen da ake yi a gidajen gem kuwa ba sai an ba wa kowa labari ba, ga gabar da ayar ta faɗa nan ƙuru-ƙuru.

GONAR DA BA A CIN HATSINTA

Sai masu cewa su nasu gem ɗin ba caca, ba zagi, noma ne da kiwo da gyaran ɗaki. Gaskiya ne laifinsa bai kai na wancan ba, kuma ba za mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Amma akwai abin lura a cikinsa wanda ya kamata mai hankali ya yi wa kallon tsanaki.

Dubi Stardew Valley, wanda wani Ba'amurke, Eric Barone, ya yi shi kaɗai ya fitar a 2016, aka sayi kwafinsa sama da miliyan 40. Labarinsa shi ne wani ma'aikacin babban kamfani ya gaji da zaman ofis, ya ajiye aiki ya koma gonar da kakansa ya bar masa, yana shuka, yana kiwon kaji, yana gaisawa da maƙwabta. Dubi Animal Crossing na kamfanin Nintendo, wanda sabonsa ya fito a watan Maris na 2020 daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidaje, shi ma aka saye shi sama da miliyan 40. A cikinsa ana ba ka tsibiri, ka ci bashin gida, ka kama kifi ka biya, ka ziyarci maƙwabta. Me wannan yake gaya mana? Yana gaya mana cewa nizamin jari-hujja ya raba mutanensa da ƙasa, ya raba su da dangi da maƙwabci, ya tsare su a ɗakuna kowa shi kaɗai, sannan da ƙishin abin ya kama su sai ya zana musu hotonsa ya sayar musu. Wanda ya ƙwace maka rijiya ne ya dawo yana sayar maka da hoton ruwa.

Su dai a iya yi musu uzuri, sun rasa na gaske. Kai fa? Kai da mahaifinka yake da gona a ƙauye tana neman hannu, kai da maƙwabcinka yake kwance ba lafiya ba ka leƙa ba, kai da gwaggonka take ƙorafin ka yanke zumunci, kai ne za ka kwana kana girbin alkama a Hay Day cikin waya? A daidai lokacin da 'yan bindiga suka kori manoman Zamfara da Katsina daga gonakinsu na gaske, kwanon masara yana gagarar talaka, a ce matashin Musulmi gonarsa tana cikin aljihu, ba ta ciyar da ko kaza! Ku tambayi waɗanda suka yi shekaru suna noma a FarmVille na Facebook tun 2009, ina gonakinsu? A ƙarshen Disambar 2020 aka rufe shi, komai ya tafi kamar ba a yi ba.

Sannan a dubi irin rayuwar da ake koyarwa. A The Sims, wanda ya fara fitowa a 2000, kai ne kake juya rayuwar mutum tun daga ɗakin kwana har wurin aiki. A na huɗunsa buƙatun mutumin guda shida ne: abinci, barci, bayan gida, wanka, nishaɗi da hira. Shi ke nan ɗan Adam a wurinsu. Ba alfijir, ba alƙibla, ba halal ba haram, kuma namiji da mace suna iya tarawa ba tare da aure ba, gem ɗin bai ga aibin haka ba. Wannan aƙida ce sukutum aka naɗe cikin wasa, aƙidar cewa mutum ciki ne da sha'awa. Wanda ya yi shekara yana tafiyar da rayuwar da babu Allah a cikinta, ko a wasa ne, kada ya yi mamaki in sallar asuba ta soma yi masa nauyi.

SHAGON NA WANE NE?

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, mai gem ɗin ƙwallon nan da mai The Sims kamfani ɗaya ne, wato EA. A watan Satumba na 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayen kamfanin a kan dala biliyan 55. Su wane ne masu sayen? Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, da kamfanin Silver Lake na Amurka, da kamfanin Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Donald Trump. Wannan Kushner shi ne ya yi jawabi a bikin buɗe ofishin jakadancin Amurka a birnin Ƙudus a 2018, shi ne kuma ya yi uwa ya yi makarɓiya wajen yarjejeniyar 2020 da ta sa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain suka ƙulla hulɗa da Isra'ila. Dukiyar man fetur ta al'ummar Musulmi, a lokacin da yaran Gaza ke mutuwa da yunwa, ga inda aka ga ya dace a zuba ta. Ya ɗan'uwa, kai da kake ɗaga murya a kan Falasɗinu da rana, ka san aljihun da kake yi wa hidima da dare?

ABIN DA YA FI KUƊI TSADA

Ko da an cire caca, an cire aƙida, akwai asarar da ta fi duka, ita ce ta lokaci. Awa biyu kullum, a shekara awa 730 ke nan, wato kwana 30 cur ba dare ba rana. Wata guda na rayuwarka duk shekara! A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. A 2021 gwamnatin Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ƙasar da take cikin manyan masu ƙera gem a duniya ta san abin da yake yi wa 'ya'yanta, ta taka masa burki, mu kuma mun saki namu. Hadisi ya tabbata cewa ranar Ƙiyama za a tambayi bawa game da rayuwarsa, a kuma ware ƙuruciyarsa a yi masa tambaya a kanta daban. Wace amsa aka tanada? Kofin da aka ci a talabijin?

Masu cewa ai gara gem da shaye-shaye, mu ce musu, yaushe zaɓin matashin Musulmi ya koma tsakanin maye da maye? Usama ɗan Zaidu bai kai shekara 20 ba aka ba shi tutar runduna. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi a 1774. Ɗansa Muhammadu Bello bai wuce 23 ba lokacin hijira zuwa Gudu a 1804. Son cin nasara da son gina wani abu da Allah Ya dasa a zuciyar matashi, da shi suka tayar da daula. Shi ne yau ake tatsewa a gaban akwati, ka ci kofi ba ka yi gumi ba, ka yi girbi ba ka ga hatsi ba, ka tashi da jin kamar ka yi wani abu, alhali azzalumi yana nan inda yake. Ba abin da azzalumi yake so irin matashin da ya gamsu da nasarar ƙarya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa matasa. Duk gem ɗin da ake sayen ƙunshin sa'a a cikinsa, kada a sa masa ko kwabo. Ƙa'idar wanda aka ci ya biya a bar ta daga yau, kuma 'yan'uwa masu gidajen gem su ji tsoron Allah su hana ta, su rufe shago in an kira sallah, su kori yara a lokacin makaranta da Islamiyya. Mai son ƙwallo ya fita fili ya buga ta gaske, jiki ya yi ƙarfi, domin gwagwarmaya tana buƙatar masu lafiya. Mai son noma, damina tana zuwa kowace shekara, ga fartanya. Masu kula da halƙoƙi su shirya wa matasa wasannin motsa jiki da aikin gayya da koyon sana'a, don ba a raba yaro da abu a bar hannunsa wayam. Manya kuma masu hirar zamanin Babangida, ku sani ƙannenku suna saurare, in za ku ba su labarin daɗin, ku haɗa musu da lissafin sallolin da suka wuce ana jiran layi.

Allah Ya kare mana matasanmu, Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan tafarkinSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.