Sharhi: Ficewar ma'aikatan jinya da abin da ƙa'idar shekara biyu ta tsallake

A watan Fabrairun 2024, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta fitar da sababbin ƙa'idojin tantance takardun masu neman aiki a ƙasashen waje. Daga ranar 1 ga Maris na shekarar, sai mai nema ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki bayan samun lasisinsa na dindindin, ya kawo shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aikinsa da makarantar da ya gama, sannan ya jira wata shida ko fiye. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, wasu sun garzaya kotun ma'aikata, Majalisar Wakilai kuma ta nemi a dakatar da aiwatarwa.

Magatakardan hukumar na wancan lokaci, Faruk Abubakar, ya kafa hujja da alƙaluma: ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Duk mai kishin lafiyar jama'a dole hankalinsa ya tashi. Sai dai ƙa'idar ta ginu ne kan zaton cewa duk wanda ya gama makaranta akwai gurbin aiki da ke jiransa, alhali ba haka lamarin yake ba.

A daidai lokacin da ɗakunan kwanciya ke kukan ƙarancin ma'aikata, akwai matasa masu lasisi da ke zaune a gida. Asibitin tarayya ba ya ɗaukar ma'aikata sai ya samu amincewar ofisoshi daban-daban a Abuja, jihohi da dama kuma kan yi shekaru ba su ɗauki kowa ba. Abin da ya rage wa sabuwar ma'aikaciya shi ne ƙananan asibitoci masu zaman kansu, inda wasu ke biyan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, domin mai asibitin ya san zai iya ɗauko wadda ya koya wa allura a ɗakinsa, ya saka mata farar riga, ya biya ta ƙasa da haka.

Wadda ta yi sa'ar samun aikin gwamnati ma ba hutu ta samu ba. Aikin dare kan faɗa kan mutum ɗaya ko biyu a ɗakin da ke cike da marasa lafiya. Ita ce mai gwajin jini da zafin jiki, ita ce mai rabon magani da wankin ciwo, ita ce kuma mai cike takardu. Idan wuta ta ɗauke, fitilar waya ce. Idan babu safar hannu ko sirinji, ita za ta tura masu jinya su sayo, kuma a kanta fushinsu zai sauka, tun da ita suke gani, ba mai sayo kayan asibiti ba. Ba a wanke masu tsawa da wulaƙanta marasa lafiya ba, akwai su, kuma jama'a na da haƙƙin kokawa. Amma yana da kyau a tuna cewa har zuwa ƙarshen 2021, alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata, ga mutanen da ke ma'amala da masu zazzaɓin Lassa da tarin fuka.

Sannan ga tambayar da ke damun kowane ɗalibi: difloma ko digiri? Mai shaidar makarantar jinya ta shekara uku yakan fara aiki da wuri, amma akwai matakin da ba ya wucewa a aikin gwamnati. Mai digiri yakan yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, wadda samun gurbinta ma wani yaƙi ne, amma hanyarsa a buɗe take har muƙamin darakta. Shi ya sa za a ga matiron mai shekara ashirin a bakin aiki tana karatun digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tsakanin aikin dare da hidimar gida.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024, kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce an ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Mataki ne mai amfani, musamman ga jihohin Arewa da ke fama da ƙarancin ungozomomi a karkara. Amma waɗanda Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya suka fi zawarci su ne ƙwararru na ɗakin tiyata da sashen kulawa ta musamman. Ɗalibi sabon fita ba ya cike gurbinsu, hasali ma a hannunsu ya kamata ya koyi aikin. Yaye dubbai ba tare da ɗaukar su aiki da riƙe malamansu ba, zuba ruwa ne a kwando.

Yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta NANNM ta fara a ƙarshen Yulin 2025, ta kuma janye a farkon Agusta bayan tattaunawa da gwamnati, ya fito da waɗannan batutuwa fili. Cikin buƙatunta akwai ƙarin alawus ɗin aikin karɓa-karɓa da na tufafin aiki, ɗaukar ma'aikata da yawa, kafa sashen jinya a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da buga tsarin aikin da aka amince da shi tun 2016 a jaridar gwamnati.

Ko da an cika waɗannan alkawura duka, yarjejeniyar Abuja ba ta ɗaure gwamnoni. Jiha ce ke yanke abin da za ta biya nata ma'aikatan, don haka kowane ƙari a asibitin tarayya yakan jawo ma'aikatan jinya daga asibitocin jihohi da cibiyoyin lafiya matakin farko zuwa birane. Wannan ƙaura ta cikin gida ba ta buƙatar biza ko tantancewar hukuma, kuma ba ta cikin 42,000 ɗin da aka ƙirga.