KADA ADON DOKI YA TSAYA A RANAR SALLA

A shekarar 1837 wani baduku mai suna Thierry Hermès ya buɗe shago a birnin Paris, yana yi wa dawakin masu hali ragama da linzami. Da mota ta ture doki a Turai, zuriyarsa ba ta nannaɗe hannu ba. Sai ta juya ga jakunkuna da kayan ado, ta ɗauki siffar linzami da likkafa ta zuba a awarwaro da sarƙar azurfa. Tsofaffin irin waɗannan kaya a yau masu kuɗi ke rububinsu.

To, mu fa? Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Rano kuwa tana cikin Hausa Bakwai, kuma masarautarta a yau ta haɗa da Kibiya da Bunkure. Duk wanda ya kalli hawan salla ya ga aikin maƙeran fari a likkafa da linzami, da na dukawa a sirdi da ragama, da na masu ɗinki a jalala. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya.

Amma abin takaici, wannan gwaninta sau biyu take ganin rana a shekara. Salla na wucewa sai a mayar da kaya ɗaki, maƙeri ya koma jiran ciniki, ɗansa kuma ya nufi birni neman wani abin yi. A can gefe guda, iyayen amare suna zuba kuɗi a zinariyar Dubai.

Ra'ayinmu shi ne, masarautar Rano da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su tattara tsofaffin kayan doki da ke gidajen hakimai, a ɗauki hotunansu, a rubuta sunan kowane zane tun dattawan da suka san shi suna da rai. Sa'an nan a haɗa ɗaliban makarantun fasaha da maƙera, su fitar da zobe da munduwa da 'yan kunne daga waɗannan siffofi. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, ba wanda zai gāje ta.

Faransawa ba su fi mu doki ba, sun dai fi mu sanin darajar abin da ke hannunsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.